Rumfar gyara ko lambun albasa?

Wanda ya koyi gyaran rediyo da kansa a kasuwar Katako ta Yamai, in ya kai shekara 60 babu fanshon CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata na Nijar, da ke jiransa, tunda ba a taɓa yankar masa kuɗin fansho ba.

In ya zauna rumfarsa a Yamai, masu kawo gyara sun san shi, hira ba ta yankewa, sai dai ido ya raunana, kayan cikin wayoyin yanzu kuwa ƙanana ne ƙwarai. In ya koma Tawa ya kama albasa irin ta Galmi, wadda ya daɗe yana sha'awa, ban ruwa zai ci masa ƙugu, kuɗi kuma sai lokacin cira, sa'ad da farashi ke faɗuwa.

Ni dai rumfar nake zaɓar masa, ya ɗauki yaro mai kaifin ido yana koya masa.