Tsohon da ya gyara mini mitar gudun Fijo 504

Motar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Peugeot 504 fara, haɗin Kaduna, daga masana'antar Kakuri da ta fara haɗa motoci a 1975. Da aka zo rabon gado babu wanda ya yi mata kallo biyu sai ni. Inji lafiya, giya lafiya, amma allurar mitar gudu ta zama maƙaryaciya. Ina kan hanyar Zariya sai in ga ta nuna 120, ga shi 'yan bas suna wuce ni kamar na tsaya. Da na kunna GPS a waya, ashe 100 nake yi. In kuma na rage gudu cikin gari, sai ta kama rawa tsakanin 30 da 50 kamar mai jin sanyi.

Bakaniken da na saba da shi ya ce in manta da ita, wai wa yake kallon mita a Fijo. Wani ya ce in sayi ta gwanjo in maƙala. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo a wajen Panteka, mai 'yar rumfa da ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, babu allo, babu suna. Agogon mota, wato mita, kawai yake gyarawa.

Abin da ya fara burge ni, bai taɓa sukudireba ba. Zagaya motar ya yi, ya tsuguna ya karanta lambar taya. "Ɗana, wa ya sa maka waɗannan?" 185/65 R14 ne, na saye su don su na samu da sauƙi. Ya ce motar da 175 R14 ta zo, mai tsayin gefe, kuma nawa sun fi su gajarta da kusan santimita 4. Gajeriyar taya tana juyawa sau da yawa kafin ta cinye kilomita ɗaya, ita kuwa mita juyin take ƙirgawa ta kebul ɗin da ya taso daga giyabos, ba ta san komai game da titi ba. Wannan kaɗai ya isa ya ƙara kusan kashi 7 cikin 100.

Sai ya ba ni aiki. Ya ce in je in yi kilomita 10 da GPS, in duba nawa lambobin ƙirga tafiya suka ƙaru. Dalilinsa: lambobin haƙoran giya ne ke juya su kai tsaye, allura kuwa maganaɗisu ne ke jan ta. Kebul yana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofin alminiyom, kofin yana son bin sa, wani siririn sifirin kamar gashi yana riƙe shi. In lambobi da allura sun yi ƙarya daidai wa daida, laifin taya ne ko giya. In allura ta fi, ciwon yana cikin agogon. Na dawo da 10.7. Ya yi murmushi ya ce, "Ka ga rabon taya ke nan. Sauran na ciki ne."

Da ya buɗe, sifirin ya saki saboda tsufa, ga tsohon giris ya daskare kamar ƙaro. Rawar allurar kuma daga kebul ne, ya lanƙwashe a bayan dashbod ya bushe. Ya wanke da kananzir, ya sa mai kaɗan, ya ja sifirin, sannan ya riƙa juya agogon da injin huda yana gwada shi da wani da ya amince da shi. Ya gargaɗe ni kada in bari kowa ya cika wa kebul giris, don yana hawowa har cikin agogo ya danƙare allura.

To, ba a rasa abin faɗa ba. Kwana biyu ya ce, sai da na yi sawu huɗu cikin kwana shida. Ba ya ɗaga waya, ba ya ba da rasit, kuma ya bar mini shatin babban yatsansa a cikin gilashi, daidai kan 60, wanda har gobe nake gani in rana ta haska. N15,000 ya karɓa, bai yarda na taya ba. Kuɗin taya huɗu da na sake su suka fi yi mini ciwo, amma wannan ba laifinsa ba ne.

Yanzu in allura ta nuna 100, waya tana cewa 96. Na koma na yi masa ƙorafi, ya ce da gangan ya bari, haka masu ƙera mota suke yi, gara ta ɗara kaɗan da ta gaza, musamman da yake 100 ce iyakar ƙaramar mota a babban titi na ekspires. Ban ja da shi ba.

Mai tsohuwar mota irin mai kebul, Fijo ce ko Marsandi ko Bitil, ya je, amma ya tafi da haƙuri, kuma ya duba lambar tayarsa tun daga gida. Mai motar zamani kada ya ɓata mai. A gabana wani ya kawo Corolla, Baba ko tashi bai yi ba, ya nuna masa hanyar masu kwamfuta da haɓa.