Tsohon da ya naɗa min tiransifoma a Taminus

Wata uku ina fama da ƴar amfilifayar (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da nake haɗawa a gida, irin ta da mai bawul ɗin kwalba, wato kwalba mai lamba EL84 guda biyu da mai lamba 12AX7 ɗaya, komai ya samu amma tiransifomar da ke kai sauti ga sifika ta gagara. A Jos ɗin nan ka tambayi yaran shago sai su miƙo maka na rediyo.

Wani ne ya nuna min wani dattijo a lungu bayan kasuwar Taminus, shagonsa ko mutum biyu ba ya ɗauka. Ya duba takardar zanen amfilifayar yace "yaro, 8 ohm ce sifikar taka?" (ohm ma'aunin turjiyar sifika ga lantarki ne) nace eh Baba, shikenan ya zauna yana naɗa waya da hannu yana ƙirgawa, yana sa takarda tsakanin layi da layi. Ya kuma ja kunnena sosai kan kafasita, ƴar na'urar da ke tara wuta a cikin amfilifayar, wai tana riƙe wuta sama da volt 250 ko an kashe.

Gaskiya ya ɓata min lokaci, kwana 4 yace sai da ya kai 10, kuma ba ya ragi. Amma daren da na kunna kwalaben suka yi ja cikin sanyin nan, babu ƙugi ko kaɗan, wallahi sai da na kira ƙanena ya zo ya ji.