IDE, SATA ko SCSI: Wanne Ya Dace da Tsohuwar Kwamfutarka?

Idan kwamfutar shagonka ta shekara goma sha biyar tana aiki, kuma had-disk ɗinta ya fara ƙara ƙas-ƙas, kada ka yi gaggawar zuwa kasuwa. Fara buɗe murfin ka dubi wayar da ke maƙale da shi. Ita za ta gaya maka abin da za ka saya, ba lambar da mai shago zai karanta maka a jikin kwali ba.

In ka ga waya mai faɗi kamar ɗamara, bakinta da ramuka 40, to IDE ce, wadda ake kuma kira PATA, tana nan tun 1986. Gudunta hawa-hawa ne: ATA/33, ATA/66, ATA/100, sai ATA/133 da kamfanin Maxtor ya fito da shi a 2001. Kowace lamba megabait ce a daƙiƙa guda. A nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu ba su sani ba, domin duk abin da ya haura 33 sai da waya mai zare 80 yake samuwa. Ramukanta 40 ne ita ma, shi ya sa ake rikita su. Ka shafa ta da yatsa: mai zare 80 ta fi santsi, zarenta sirara ne, kuma galibi bakinta shuɗi ne wajen madabod (babban allon cikin kwamfuta da ake jona komai a kai), baƙi a ƙarshe, ruwan toka a tsakiya. Ka haɗa had-disk na ATA/133 da tsohuwar waya mai zare 40, kwamfuta za ta mayar da shi 33 ba tare da ta ce maka uffan ba. Wayar nan ba ta da tsada, don Allah kada ka bar ta a shago.

Abu biyu kuma game da IDE. Na'ura biyu a waya ɗaya rabon hanya suke yi, saboda haka in da hali ka raba had-disk da na'urar CD. Sannan madabod da yawa na kafin 2002 ba sa ganin abin da ya wuce gigabait 137, ka ga sayen mai 250 bai amfane ka ba.

SATA ita ce siririyar waya mai fil 7. Ta farko, ta 2003, tana ɗaukar megabait 150 a daƙiƙa. Ta biyu 300. Ta uku, ta 2009, 600. Suna shiga juna, sai dai gudun yana tsayawa a kan wanda ya fi rauni tsakanin faifan da madabod.

To amma tsakanin IDE mai 133 da SATA mai 150 fa? A aikace kusan babu bambanci. Had-disk mai juyawa na wancan zamani da ƙyar yake kai megabait 60 zuwa 80, ko da mai juyi 7,200 ne a minti. Faɗin bututu ba ya ƙara wa rijiya ruwa. Abin da ya sa nake fifita SATA, in kwamfutarka tana karɓar ta, wani ne daban: an daina ƙera IDE tuntuni, galibin wanda za ka samu ya sha aiki a hannun wani, alhali kuwa SATA tana karɓar SSD, wato ma'adanar bayanai da ba ta da faifai mai juyawa, sabo fil. Ko a SATA ta biyu, inda ba zai haura 300 ba, SSD yana farfaɗo da kwamfuta har ka yi mamaki.

SCSI kuwa ta manyan kwamfutocin ofis ce. Nau'o'inta Ultra160 da Ultra320 suna da gudu, faifansu na juyi 10,000 ko 15,000, amma sai da kati na musamman da abin toshe ƙarshen waya, ga zafi, ga ƙara, ga cin wuta. Wanda ke aiki da janareta ko inbata ya bar ta, sai in injin da yake da shi ba ya karɓar wata.

In kuwa burinka kawai ka kwashe hotuna da takardu daga tsohon faifai, adafta ta USB za ka nema, kuma a nan ka lura da yaudarar lissafi. USB da megabit ake auna ta, sai ka raba da takwas ka samu megabait. USB 2.0 mai megabit 480, megabait 60 ke nan a daƙiƙa a takarda, a zahiri talatin da 'yan kai. Gigabait 40 zai ɗauke ka minti ashirin da wani abu. A USB 1.1 mai megabit 12 kuwa, aikin nan sai ya haura awa goma. Ka tabbatar adaftar tana da bakin fil 44 na laftof da na fil 40, kuma da nata abin ba da wuta, don babban faifan kwamfutar tebur ba ya tashi da wutar USB kaɗai.

Idan dole sai IDE na hannu, ka sa mai shago ya jona shi a gabanka, ku buɗe CrystalDiskInfo, manhajar da ke nuna lafiyar had-disk. Ka duba awannin da ya yi yana aiki, kuma in manhajar ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, ka ajiye masa kayansa ka nemi wani.