Rigar katifa, ledar ɗaki ko na'ura: me za a fara saya wa yaro mai asma?

Wata maƙwabciyata a Aboabo ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Yaya, tarin yaron nan ya hana mu barci, na'urar tace iska zan saya." Na ce ta bari mu ɗaga katifarsa tukuna. Ƙasanta ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, bangon bayan gadon kuwa funfuna ta ci shi har gwiwa.

A Kumasi damina biyu muke yi, danshi ba ya barin ɗaki. Abin da funfuna ke so ke nan, ita da ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, masu zama cikin katifa da filo da kafet suna cin ɓawon fatar jikinmu. Kashinsu ne yaro ke shaƙa, ƙirji ya kama.

Kashin nan yana da nauyi, ba ya daɗewa a iska, shi ya sa ban cika ba da shawarar na'urar tace iska ba. Ta fi amfani ga hayaƙi. Na'urar tsotse danshi ta fi ta dacewa, don ƙwarin ba sa jure danshin da ya gaza kashi 50 cikin ɗari, amma sai an rufe ɗaki ruf, ga cin wuta. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya, da ƙofa a buɗe wuni guda, asarar kuɗi zai yi.

Ni da rigar katifa da ta filo zan fara. In an shiga kasuwar Kejetia ko shagunan Adum, a nemi mai zif da ke rufe katifar gaba da baya, mai saƙa a matse. Ta leda irin ta asibiti ta fi araha kuma ana goge ta, sai dai tana sa gumi, a ɗora zani mai kauri. Rigar katifa kaɗai ba ta isa ba: zanin gado ya sha ruwan zafi mai digiri 60 duk mako, ya bushe ƙayau a rana.

Kafet kuwa a naɗe shi, ledar ɗaki ta maye gurbinsa. Kafin a sayi fenti, a sa mai gidan haya ya gyara yoyon rufi, in ba haka ba funfuna za ta dawo. A wanke bangon lokacin da yaron ba ya ɗakin, taga a buɗe.

Don Allah kada sayayyar nan ta cinye kuɗin maganin shaƙar da likita ya rubuta masa, a fara ware nasa tun kafin a fita kasuwa.