Ƙwayar albendazol ta shanu: inda take aiki da inda tsutsar hanta ta fi ƙarfinta

Duk shagon maganin dabbobi da ka shiga a Kaduna, musamman wajen Zango a Tudun Wada, za ka tarar da babbar ƙwayar nan ta albendazol mai miligiram 2,500. Tana da araha, kuma a kan tsutsar ciki tana aiki sosai. Matsalar ita ce yawancin masu sayenta ciwon hanta suke nema wa magani, a nan kuwa aikinta rabi ne.

Tsutsar hanta gida biyu take zama. Babba tana cikin hanyar matsarmamar saniya, tana zuba ƙwai da ke fita da kashi. Idan ƙwan ya samu ruwa sai ya ƙyanƙyashe, ɗan ya shige jikin wata ƙaramar katantanwa ta bakin ruwa. A can yake hayayyafa, ɗaya ya zama da yawa, su fito su manne wa ciyawa. Saniya ta ci ciyawar, ƙananan su huda hanji su shiga hanta, su yi makonni suna ɓarna kafin su balaga bayan kamar wata uku. Albendazol balagaggu kaɗai yake kashewa. Ƙananan da ke tsakiyar cin hanta ba ya taɓa su, katantanwa kuwa tana nan a fadama tana ci gaba da zubo sababbi.

Shi ya sa makiyayin da ya yi rani a bakin Kogin Kaduna ko madatsar Kangimi zai ba da ƙwayar, saniya ta ɗan murmure, bayan wata biyu kumburin haɓa da rama su dawo, ya ce maganin jabu ne. Sau da yawa lokacin bayarwar ne bai dace ba.

Sai kuma awo. Tsutsar hanta tana buƙatar miligiram 10 a kowane kilo, ke nan ƙwaya ɗaya ta ishi saniya mai kilo 250 kawai. Bijimi mai kilo 375 sai ɗaya da rabi. Kimanta nauyi da ido, ko raba ƙwaya ɗaya wa shanu biyu, asarar kuɗi ce, kuma tana sa tsutsa ta saba da magani. Kada a ba saniyar da ba ta wuce kwana 45 da barbara ba, domin yana iya lahanta ɗan tayi.

Ga garken da ya bar fadama wata uku da suka wuce, ƙwayar ta cancanci kuɗinta. Wanda har yanzu yake kiwo a bakin ruwa ya nemi likitan dabbobi ya duba masa tiriklabendazol, mai kashe ƙanana da manya. Kowanne aka saya, a duba lambar NAFDAC da kwanakin da aka hana shan nono da yanka a jikin kwali.