Kafin a sayar da gonar saboda gwiwar Baba

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji ana shirin sayar da gonar fadama don a fitar da shi waje a yi masa aikin gwiwa. Don Allah a dakata, ku ji yadda ake yi da irin wannan ciwon a nan Ingila, tunda ni ma na yaga tawa a wurin ƙwallo.

Abin da ya yage ɗin guringuntsi ne mai siffar jinjirin wata. Biyu ne a kowace gwiwa, suna zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri don kada su gogi juna. Gefensa na waje ne kawai jini ke kaiwa, shi ya sa can ake iya ɗinkewa ya warke. Na cikin kuwa ba ya haɗewa, sai dai a datse abin da ya yage ta ƙananan huda biyu, da kyamara.

A nan ba a gaggawar wuƙa. Likitan unguwa ya lanƙwasa ƙafata, ya murɗa ta yana sauraron ƙas, sai ya tura ni wurin masu gashin ƙashi na asibiti. Mai gashin ta ba ni roba mai talewa da takardar motsa jiki: in kwanta, in ɗaure naman cinya, in ɗaga ƙafa a miƙe, safe da yamma. Da wannan na koma aiki. Ga dattawa irin su Baba, wanda guringuntsinsa shekaru ne suka cinye shi, sun fi tsayawa a kan haka. An yi bincike a Finland a 2013, aka yi wa wasu tiyatar gaske, wasu ta gangan, kuma sauƙin da suka samu bai bambanta ba. Wanda ake hanzarta wa aiki shi ne wanda gwiwarsa ta sarƙe, ta ƙi miƙewa.

Ana cewa asibiti kyauta ne a nan. Mu baƙi muna biyan fam 1,035 na kowace shekara tare da kuɗin biza, sannan ga jira. Ƙa'idar NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, mako 18 ne kafin a fara yi wa mutum magani, amma da yawa suna wuce haka. Mai son hoton MRI, wanda ke nuna guringuntsi, da wuri sai ya je asibitin kuɗi ya ajiye ɗaruruwan fam. A Kano idan kuɗin na hannu an fi mu sauri. Inda Ingila ta fi Kano shi ne bibiya: komai na rubuce, kuma mai gashi ba ta sallamarka sai ta ga ka hau matakala.

Ku kai shi asibitin ƙashi na Dala. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna wannan yagewar, sai MRI. A raba shi da mai ɗori, domin ba karaya ba ce, ja da matsa ƙara ɓata ta za su yi. Ya riƙa salla a kan kujera har kumburin ya sauka, a sa masa ƙanƙara a cikin tawul, kuma a tambayi likita kafin ya ci gaba da shan ibuprofen, saboda gyambon cikinsa.

Idan sakamakon ya fito ka turo mini ta WhatsApp. Kuɗin hoton da na gashin ni zan biya. A gaida Inna da yara.