Sharhi kan garejin da ya gano matsalar EGR a tsohuwar Honda Prelude tawa

Motar da nake hawa Honda Prelude ce ƙirar 1999, mai ƙofa biyu, wadda aka yi amfani da ita a Amurka kafin ta shigo ta Kwatano, kuma tana ɗauke da injin H22A4 mai lita 2.2 da ƙarfin doki 200. Tun a shekarar 2001 kamfanin Honda ya daina ƙera wannan zubin, saboda haka kanikawan da suka san cikinta ba su da yawa a Kaduna. Matsalar da ta kai ni gareji uku cikin wata biyu ta faro ne da wutar gargaɗin injin da ta kama a gaban sitiyari, sannan motar ta soma fizga da shaƙewa a duk lokacin da ta yi zafi kuma ina tafiya a hankali da ɗan totur, musamman idan agogon juyin injin yana tsakanin 1,500 da 2,000. Idan na taka totur sosai sai fizgar ta ɓace, idan kuma na tsaya a danja silonta lafiya lau.

Bakaniken farko ya sauya fulogai da wayoyinsu, ya wanke nozul, ya sa sabuwar matatar mai, amma babu abin da ya ragu. Na biyun ya sa wa motar kwamfuta, lambar P0401 ta fito, nan take ya ce bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da ɗan hayaƙi cikin injin, shi ne ya mutu. Na je Panteka na sayo na Beljiyam aka ɗaura, bayan kwana biyu wutar ta sake kamawa. Da na koma masa sai ya ba ni shawarar a yanko gwangwani a toshe hanyar bawul ɗin gaba ɗaya, a kuma cire ƙwan wutar gargaɗin domin hankalina ya kwanta. Wannan shawarar ce ta sa na ɗauke motata daga wurinsa.

Garejin da nake sharhi a kansa yana gefen hanyar Nnamdi Azikiwe, ba shi da allon suna, kuma wani abokin aikina mai tsohuwar Accord ne ya yi mini kwatance. Mai garejin dattijo ne da yara huɗu masu koyon aiki. Abin da ya fara burge ni shi ne bai buɗe bonet ba sai da ya zaunar da ni ya tambaye ni yaushe fizgar take zuwa, da sanyin safiya ne ko bayan injin ya ɗauki zafi, a wace giya, da kuma abin da aka riga aka sauya. Daga nan ya karɓi makulli muka fita tare, ya riƙe motar a giya ta huɗu da ɗan totur har fizgar ta bayyana a ƙarƙashin ƙafarsa. Da muka dawo ya sa kwamfutarsa, ya ga P0401 ɗin nan tare da wata lamba da ke nuna silinda guda tana misin, sai ya ce mini, “Malam, wannan lambar ba ta ce bawul ya lalace ba, cewa ta yi hayaƙin da ke wucewa ya yi kaɗan. Sai mun nemo inda ya maƙale.”

Bayanin da ya yi mini daga nan ya dace da abin da na bincika daga baya, kuma yana da amfani ga duk mai irin wannan mota. Aikin EGR shi ne ya ɗebo kaɗan daga hayaƙin da zai fita ta salansa ya mayar da shi cikin manifol ɗin da ke shigar da iska. Da yake hayaƙin ya riga ya ƙone, ba ya sake kamawa, sai ya cike wani gurbi a cikin silinda ya rage tsananin zafin ƙonewar mai. Ana bukatar hakan ne domin idan zafin ya haura kusan digiri 1,370 a ma'aunin Salsiyos, naitirojin da iskar shaƙa suna haɗuwa su samar da gurɓatacciyar iskar da ake kira NOx, wadda ke cutar da huhu. Tun farkon shekarun 1970 aka soma sa wannan tsari a motocin Amurka saboda dokokin hayaƙi. Bawul ɗin yana rufe ne idan injin yana da sanyi, ko yana silo, ko an taka totur har ƙasa, ba ya buɗewa sai a tafiya matsakaiciya, wato daidai inda tawa motar take fizga. Ya ƙara da cewa da bawul ɗin ya maƙale a buɗe ne, da motar ta riƙa rawa a silo tana mutuwa a danja, abin da tawa ba ta taɓa yi ba.

Gwajin da ya yi bai kai minti ashirin ba, kuma shi ne abin da ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi. Bawul ɗin wannan injin zuƙar iska ce ke ɗaga shi ta wani siririn tiyo, saboda haka ya zare tiyon ya haɗa ɗan famfon hannu mai agogo, ya matsa yayin da injin ke silo. Allurar agogon ta tsaya cak ba ta sauka ba, alamar cewa robar da ke cikin kan bawul ɗin ba ta yage ba, sannan kwamfutar ta nuna cewa sansar da ke auna ɗagawar bawul ɗin tana ba da amsa daidai. A irin wannan hali, idan hanyoyin hayaƙi a buɗe suke, injin zai shaƙe sosai ko ma ya mutu, amma tawa ɗan girgiza kawai ta yi ta ci gaba da juyi. Ya duba tiyoyin ɗaya bayan ɗaya ko akwai tsagewa, ya gwada solenoyid ɗin da ke ba bawul ɗin zuƙar, duk ya same su lafiya. Ya kuma sa na kawo tsohon bawul ɗin da aka cire, wanda yake cikin but, ya gwada shi a kan teburi, ya nuna mini cewa shi ma lafiyarsa ƙalau, wato kuɗin da na kashe a kan na Beljiyam ba a bukace su ba tun farko.

Ainihin ciwon yana cikin manifol ne. Bayan hayaƙin ya wuce bawul, yana rabuwa ta ƙananan ƙofofi huɗu, kowace silinda da tata, kuma shekara da shekaru kunkunniya tana haɗuwa da tururin baƙin mai ta daskare a bakinsu. A motata uku sun toshe ƙam, saura guda. Wannan ya bayyana alamomin biyu a lokaci ɗaya, domin jimillar hayaƙin da ke wucewa ta yi kaɗan har birin bos, wato kwamfutar cikin motar da ke sarrafa injin, ya kunna wuta, amma kuma ɗan abin da ke wucewar duk yana tararwa silinda ɗaya, ya yi mata yawa har ta kasa ƙona manta yadda ya kamata.

Ba a kaiwa ga waɗannan ƙofofi sai an cire layin da ke raba wa nozul mai, sannan a huda 'yan marafan ƙarfen da kamfani ya toshe saman hanyoyin da su a zaro su. A nan na ga kulawar da ta sa nake ba da shaida a kansa. Da hannunsa ya yi hudar, bai bar wa yara ba, kuma ya shafa wa bakin dirilin giris mai kauri domin ɓurɓushin ƙarfe ya manne a jiki kada ya faɗa cikin injin, yana tsayawa yana gogewa akai-akai. Ya kankare ƙofofin da waya mai tauri da maganin wanke kafireta har suka buɗe, ya wanke ƙasan bawul ɗin ba tare da ya bari maganin ya taɓa robar ko sansar ba, ya sa sabon gasket. Maimakon ya mayar da marafan da sai an sake hudawa, sai ya yanka wa ramukan zare ya ɗaura sukurori da abin liƙi, domin duk ranar da za a sake wankewa a kwance su kawai. Da ya maimaita gwajin famfon, matsawa ɗaya injin ya mutu, wanda shi ne abin da ake nema.

Na tambaye shi ra'ayinsa game da toshewa da gwangwani, ya amsa cewa fizgar za ta tafi, amma wutar ba za ta mutu ba, domin motocin Amurka tun daga 1996 suna da tsarin OBD-II da ke gwada EGR da kansa. Abin da ya fi damunsa kuwa shi ne injin nan yana matse cakuɗen mai da iska har ninki 10, an kuma tsara shi a kan fetur mai ƙarfin okten, to idan aka hana shi abin da ke sanyaya ƙonewa, a zafin watan Afrilu irin namu, yana iya soma ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani, birin bos ya riƙa ja da lokacin tartsatsi baya domin kare fistin, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Ni kuma a ganina cire ƙwan gargaɗi ya fi komai muni, domin ranar da wata matsala babba ta taso babu abin da zai sanar da direba.

Garejin yana da nasa naƙasu, kuma ya kamata a faɗa. An yi mini alkawarin yini ɗaya, aikin ya ci kwana uku, saboda mai garejin yana karɓar motoci fiye da abin da hannunsa zai ɗauka, kuma ba ya kiran mai mota ya sanar da shi jinkiri sai shi ya kira. Babu wurin zama mai inuwa sai benci guda a gindin dalbejiya. Ba sa rubuta rasit sai an nema, wanda bai dace da wurin da ake barin dukiya ta kwana ba. Ɗaya daga cikin yaran ya kuma tsaga wani tsohon tiyo wajen zarewa, ko da yake maigidansa ne ya gaya mini da bakinsa kuma ya sauya shi ba tare da ya ƙara mini ko kwabo ba.

Kuɗin aikin gaba ɗaya, har da gasket da maganin wanki, bai kai rabin abin da na kashe a gareji biyun farko ba, kuma ya faɗa mini farashin kafin ya taɓa diril. Bai yarda na ɗauki motar ba sai da muka bi hanyar Zariya har Jaji muka dawo, yana sakin totur daga gudu sau da yawa, domin a lokacin saukar gudu ne birin bos ɗin Honda ke buɗe bawul ya auna ko hayaƙi na wucewa. Yau wata uku ke nan wutar ba ta sake kamawa ba, fizgar kuma ta ɓace. Wanda ke da tsohuwar Prelude ko Accord mai irin waɗannan alamomi zai amfana da wurin, muddin ya shirya barin motarsa fiye da lokacin da aka ɗibar masa. Kafin mu rabu ya nuna mini cewa injina yana ɗan shan baƙin mai, abin da aka san H22 da shi idan ya tsufa, ya ce hakan zai gaggauta sake taruwar kunkunniyar, don haka muka ajiye magana zan kawo motar bayan damina ya kwance sukurorin ya leƙa ƙofofin, ya kuma auna matsin kowace silinda.